Tunawa da Mamaci Mai Alheri a Zangunan Arewacin Togo

Tunawa da ɗan'uwa mai alheri bayan rasuwarsa al'amari ne da addini da al'ada suka haɗu a kansa a tsakanin Musulmin Sokode da Dapaong, ko da yake malamai sun saɓa a kan wasu hanyoyinsa. Sokode ita ce babban birnin yankin tsakiyar Togo, garin Kotokoli, kuma mafi yawan mutanenta Musulmi ne. Dapaong tana can arewa kusa da iyakar Burkina Faso, a ƙasar Moba da Gurma. Fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja shi ya fara kai Hausawa wannan yanki, tun kafin Jamusawa su kafa bariki a Sokode a ƙarshen ƙarni na 19.

Wannan tarihi ya shafi irin mutumin da ake kira mai alheri a zango. Baƙon da ya sauka ba shi da gona, ba shi da dangi, sai maigidan da ya ba shi masauki ya tsaya masa a kasuwa, da uwargidan da ta zuba masa tuwo ba ta tambayi asalinsa ba. Shi ya sa abin da ake ambata a zaman makoki shi ne riƙon maraya, da aurar da 'yar ƙani, da sulhunta ma'aurata, da rufa asirin mabuƙaci. Irin wannan mutum sau da yawa ba ya barin gado mai yawa, domin ya rabar da abin hannunsa tun yana raye. Abin da ya bari mutane ne.

A Musulunci, ambaton mamaci da alheri shaida ce mai nauyi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa an wuce da wata gawa mutane suka yabe ta, an wuce da wata suka aibata ta, sai Annabi (SAW) ya bayyana cewa Aljanna ta tabbata ga ta farko, wuta ga ta biyu, domin muminai shaidun Allah ne a bayan ƙasa. Wannan ma'ana ce ke cikin maganar Hausawa cewa shaidar duniya ita ce ta lahira, da addu'ar masu ta'aziyya: Allah ya sa halinsa na gari ya bi shi.

Amma yabo shi kaɗai ba ya ƙara wa mamaci komai. Hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim ya nuna aikin ɗan Adam yana yankewa da mutuwa in ban da abu uku: sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa na gari mai yi masa addu'a. Da mahaifiyar Sa'adu bin Ubada ta rasu, ya tambayi sadakar da ta fi, aka nuna masa shayar da ruwa, sai ya haƙa rijiya da sunanta. A yankin Dapaong, inda rani ke da tsawo, rijiya a ƙofar masallaci ko a bakin kasuwa tana amfanar Musulmi da wanda ba Musulmi ba, kuma ta fi dacewa da halin wanda bai taɓa zaɓen wanda zai taimaka ba.

Hanya ta biyu ita ce riƙe mutanen mamaci. Annabi (SAW) yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija nama shekaru bayan rasuwarta. Abdullahi bin Umar ya taɓa ba wani baƙauye jakinsa da rawaninsa, don kawai mahaifin mutumin abokin Umar ne. Wannan shi ne ya fi wuya ga magada, domin zumunta a ƙafa take: wanda ya gaji gida ya gaji baƙin da suka saba sauka a cikinsa, da tsohuwar da ake aika wa abinci da azumi.

Al'ada tana da nata hanyoyin. Ana raɗa wa jariri sunan kakansa ko kakarsa, sannan saboda kunya a riƙa kiransa Abba ko Baba, in mace ce kuma Ummi ko Inna, ta haka sunan ba ya barin gidan. Masu ilimi kuwa sukan rubuta marsiyya. Nana Asma'u 'yar Shehu (1793–1864) ta yi wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta kuma yi wa mata waɗanda ba su da sarauta, tana lissafa haƙurinsu da kyautarsu da hidimarsu ga maƙwabta.

Saɓani yana kan sadakar uku da bakwai da arba'in. Masu yin ta, galibi mabiya ɗariƙu, suna ganin taro ne na karatun Alƙur'ani da addu'a da raba waina ko gumba, kuma dama ce ga dangin da ke Lome ko Kumasi ko Kano su samu halarta. Masu hana ta, ciki har da mabiya Izala da aka kafa a Jos a 1978, suna cewa ƙayyade ranakun ba shi da asali a Sunna, suna kafa hujja da umarnin Annabi (SAW) na a dafa wa iyalan Ja'afar abinci bayan ya yi shahada a Mu'uta, wato maƙwabta ke ciyar da gidan mutuwa. Ɓangarorin biyu sun yarda cewa haramun ne a taɓa dukiyar marayu don taro, kuma biyan bashin mamaci yana gaba da kowace sadaka.

Shari'a ta kuma sa wa baƙin ciki iyaka. Zubar da hawaye halal ne, kururuwa da yage tufafi haramun ne. Zaman makoki kwana uku ne, matar mamaci kuwa tana takaba wata huɗu da kwana goma, mai ciki har ta haihu. Addu'a da sadaka da ziyarar kabari ba su da wa'adi, ana yin su muddin akwai mai tunawa.