Makahon Molyneux da Tushen Sani

A shekarar 1688 wani masani a Dublin, William Molyneux, wanda matarsa ta makance bayan aurensu, ya aika wa John Locke tambaya. A ce an haifi mutum makaho, ya saba bambance mulmulallen ƙwallo da ɗan akwati mai kusurwa ta hanyar shafawa. In idonsa ya buɗe yau, aka ajiye su a gabansa, zai iya nuna wanne ne wanne tun bai kai hannu ba? Sai da aka sake aiko da tambayar a 1693 Locke ya kula ta, ya kuma sa ta cikin bugu na biyu na littafinsa kan fahimtar ɗan Adam a 1694. Shi da Molyneux duk sun ce ba zai iya ba. A ganina nan ya kamata ɗalibin falsafa a jami'a ya soma, in yana son gane mazhabar da ke cewa duk sani daga gani da ji da taɓawa yake fitowa, domin a nan ne ta yarda a gwada ta, kuma gwajin bai ba ta gaskiya duka ba.

Hujjar Locke a miƙe take. Hankalin jariri farar takarda ce. Abin da hannu ya rubuta a kanta daban, abin da ido zai rubuta daban, kuma sabo ne kaɗai ke ɗaura su wuri guda. Ya kuma ce kalma tana nuni ne ga abin da ke cikin kan mai furta ta, don haka in makaho ya ce ƙwallo, santsin da tafinsa ya ji yake nufi, ba siffar da muke hange ba. George Berkeley ya ƙara gaba a 1709: a wurinsa gani harshe ne da Ubangiji ke yi mana magana da shi, ana koyonsa ne, kuma launi bai yi kama da abin da hannu zai taɓa ba. Masanin falsafa Leibniz kuwa bai yarda da amsar Locke ba. Ya ce in an gaya wa mutumin cewa ga ƙwallo ga akwati, zai yi tunani ya gane, tunda ɗaya na da kusurwa takwas ɗaya ba shi da ko guda.

A 1728 likita William Cheselden ya ba da rahoton wani yaro da ya cire wa yanar ido a Ingila. Yaron ya zaci abubuwa na taɓa idonsa ne, kuma yana rikita kyanwa da kare har sai ya kama ta ya shafa. Masu suka sun ce, kuma suna da hujja, idon da aka yi wa aiki jiya bai gama gani ba, to ina gwajin yake? Binciken da Richard Held da Pawan Sinha suka wallafa a 2011 kan yara biyar makafi da aka yi wa aikin ido a Indiya ya toshe wannan kafar. Cikin kwana biyu da aikin, yaran na iya bambance siffa da siffa da ido kaɗai, amma da aka ce su nuna wadda suka shafa, sai suka dace sau 58 cikin 100, kusan canki-canka ke nan.

Har nan Locke ne da nasara. Sai dai da aka sake gwada wasu daga cikinsu bayan 'yan kwanaki, sun iya, ba tare da an zaunar da su an koya musu ba. Sabon da ke ɗaura abubuwan da babu wata kama a tsakaninsu, irin na Berkeley, ba ya kankama cikin mako guda; yaro shekaru yake yi yana koyon harshe. Mai kare Locke zai ce ai bai taɓa musun cewa hankali na zuwa da ikon kwatantawa ba, ra'ayoyi ne ya ce ba a haifar mutum da su. Gaskiya ne, amma amsar na da tsada. In ikon da aka haife mu da shi ya riga ya san yadda zai haɗa kusurwar hannu da kusurwar ido cikin kwana biyar, to an ja wa takardar layuka tun kafin a fara rubutu, kuma wannan shi ne yawancin abin da Leibniz ke nema.