Kowace Halitta da Mazauninta

Karatu: Zabura 104:10-24

Daga cikin darussan kimiyya na firamare akwai wanda yara sukan kawo gida da ɗoki, wato darasin abubuwa masu rai da wuraren zamansu. Malami yakan nuna musu cewa kifi na ruwa ne, raƙumi na hamada, biri na kurmi, kuma jikin kowanne ya dace da inda yake zama. Iyaye da yawa sukan ɗauka cewa wannan abin haddacewa ne domin jarrabawa kawai. Amma marubucin Zabura ta 104 ya riga littafin makaranta lura da haka. Ya dubi shamuwa a kan itace, da awakin jeji a kan tsaunuka, da rema a cikin duwatsu, sai abin ya zame masa dalilin sujada.

Wanda ya karanta Farawa sura 1 a natse zai ga wani tsari. A kwanaki uku na fari Allah ya raba ruwaye, ya shimfiɗa sararin sama, ya fito da busasshiyar ƙasa da tsire-tsirenta. Sai a kwana na biyar da na shida ya kawo kifaye da tsuntsaye, da dabbobi, da mutum. Ya shirya masauki kafin baƙo ya iso.

Gaiwa ta isa shaida. Kifi ce, amma Mahalicci ya ba ta huhu. Idan rani ya yi, fadama ta soma ƙafewa, sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta bar 'yar ƙofa ta shan iska. Haka za ta yi watanni ba ci ba sha, tana rayuwa da abin da jikinta ya tara, har damina ta dawo. Shi ya sa Hausawa suke cewa gaiwa jikinta take ci. Duk da wannan hikima, idan aka cike fadamar aka yi gini a kai, gaiwa ta ƙare ke nan, ko da ba wanda ya ɗora mata wuƙa.

A nan ne darasin yara ya zama gargaɗi ga manya. Farawa 2:15 ta nuna cewa aiki biyu aka ba Adamu a gonar Adnin: ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Masu bi da yawa sun riƙe na farin da hannu biyu, sun saki na biyun. Magidanci yakan cinna wa daji wuta domin gafiya guda, wutar ta cinye sheƙar tsuntsaye da ciyawar shanu, wani lokaci har da rumbun maƙwabci. Wani yakan zuba maganin ƙwari a rafi domin ya kwashi kifi a rana ɗaya, ya kashe har da ƙwai, sa'an nan ya ciyar da iyalinsa da gubar. Ɗorawa da kaɗanya, waɗanda kakanni sukan bari a tsakiyar gona saboda daddawa da man kaɗe, yanzu suna tafiya cikin buhunan gawayi. Ungulu ma, wadda dā ba a rasa ta a mahauta, ta yi ƙaranci har a shekara ta 2015 aka sa irinta cikin jerin tsuntsayen da suke gab da ƙarewa. Ita ce kuwa take kwashe mushe kafin ya zama cuta. Talauci yakan tura mutum ga wasu daga cikin waɗannan, gaskiya ne, amma talakan ne yakan fara shan wuya ranar da rafi ya mutu.

Shari'ar Musa ba ta raina wannan batu ba. A Maimaitawar Shari'a 20:19 an hana mayaƙa sare itatuwa masu 'ya'ya ko da suna kewaye da birnin abokan gāba. A sura 22 kuma an umarci wanda ya tarar da sheƙar tsuntsu ya saki uwar ta tafi. Uban da ya ga ɗansa ya nufi itacen da shamuwa ta yi sheƙa da danƙo a hannu zai iya buɗe masa wannan wuri, ya nuna masa cewa alkawarin tsawon rai da aka haɗa da sakin uwar tsuntsu, irinsa ne aka haɗa da girmama uba da uwa.