Gonar Allah: Halittun Da Ke Zaune a Harabar Majami'a da Makabarta

Sa'ad da Saratu ta rasu, Ibrahim ya sayi filin Makfela daga hannun Efron Bahitte a kan shekel 400 na azurfa domin ya binne ta. Littafin Farawa sura 23 ya lissafta abin da cinikin ya ƙunsa: filin, da kogon da ke cikinsa, da dukan itatuwan da ke kan iyakarsa. Ashe makabarta ta farko da Littafi Mai Tsarki ya ba da labarin sayenta wuri ne mai itatuwa. A sura 35 kuma an binne Debora, mai renon Rifkatu, a gindin itacen oak kusa da Betel. Ubangiji Yesu kansa a cikin lambu aka kwantar da shi, har Maryamu Magadaliya ta zaci mai aikin lambun ne a safiyar tashinsa.

Kiristocin Jamus sun daɗe suna kiran makabarta da suna mai ma'anar "gonar Allah", Turawan Ingila ma suka ari sunan. Tushensa yana cikin koyarwar Manzo Bulus a 1 Korintiyawa 15, inda ya kwatanta jikin mai bi da irin da ake shukawa domin ya tashi da ɗaukaka. Gona kuwa wurin rai ce, kuma tarihin ikkilisiya a ƙasashe biyu ya nuna haka a fili.

A Ingila, noman zamani da taki da maganin ciyawa sun cinye kusan kashi 97 cikin 100 na filayen furannin jeji daga shekarun 1930 zuwa yau. Amma harabar tsofaffin majami'u, inda ake binne matattu tun ɗaruruwan shekaru, garma ba ta taɓa shiga ba, ba a kuma zuba mata taki ba. Saboda haka furannin da suka ɓace daga gonaki suka tsira a tsakanin kaburbura, tare da ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi da bushiya. Jemagu suna kwana a rufin majami'u, dokar ƙasar ta 1981 kuwa ta hana kashe su ko rushe makwancinsu. A harabar majami'ar ƙauyen Fortingall a Sikotilan akwai wani itacen yew da masana suke ƙiyasta ya kai shekara 2,000 ko fiye. A shekara ta 2000 aka kafa ƙungiyar Caring for God's Acre domin koya wa ikkilisiyoyi kula da irin waɗannan wurare. Dabararsu mai sauƙi ce: a yanke ciyawar hanyoyi da kewayen kaburburan da ake ziyarta, a bar wani sashe ya yi fure ya zubar da iri kafin a yanke shi, sa'an nan a kwashe yankakkiyar ciyawar.

A Habasha abin ya fi haka girma. A tsaunukan arewacin ƙasar an sare kusan dukan dajin asali domin noma da kiwo da itacen wuta. Abin da ya rage shi ne kurmin da ke kewaye da majami'un Ikkilisiyar Otodoks, wanda ake ƙiyasta yawansu ya kai 35,000. Masu bi a can suna ɗaukar kurmin a matsayin suturar majami'a, a cikinsa suke addu'a, a cikinsa kuma suke binne 'yan'uwansu. Da shanu suka fara cinye ƙananan tsirai, manoma kuma suna matsowa da garma, wani masanin daji ɗan ƙasar, Alemayehu Wassie, tare da Ba'amurkiya Margaret Lowman, suka haɗa kai da firistoci aka riƙa kewaye kurmin da katangar duwatsun da aka tsince daga gonaki. Inda aka gina katanga, ƙananan itatuwa sun sami damar girma.

Babu wanda ya kafa waɗannan wurare domin tsuntsaye. Girmama ɗakin Ubangiji da girmama matattu ne suka tsare ƙasar, halittu kuma suka ci albarkacinsu. Marubucin Zabura 84 ya ga irin wannan a Haikali, ya yi murna da gwara da tsattsewa waɗanda suka sami wurin sheƙa kusa da bagaden Allah, bai nemi a kore su ba.

A nan ne batun ya shafi ikkilisiyoyin Najeriya. A garuruwa da yawa, tsamiya da maɗaci da ɗorawar da iyaye suka bari a harabar majami'a su ne manyan itatuwan da suka rage a unguwa. Duk da haka kwamitin gini yakan sare su rana ɗaya domin shaguna ko shimfiɗar siminti, a kuma cinna wa makabarta wuta da kaka da sunan shara. Wutar tana fasa duwatsun kabari, tana kashe ƙananan itatuwa, tana barin ƙasa tsirara, ruwan damina ya zo ya zaizaye kaburbura. Akwai kuma camfi. Wasu masu bi suna jifan mujiya domin suna ce mata tsuntsuwar mayu, alhali ɓerayen da ke ɓarna a rumbu take ci. Ungulu, wadda ke kwashe mushe kafin ya zama cuta, ta ragu ƙwarai, har a 2015 aka sa irin wadda aka saba gani a mahauta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Wanda ya gaskata cewa Almasihu ya yi nasara da mutuwa ba shi da dalilin tsoron kukan tsuntsu da dare.

Tsoron maciji kuwa gaskiya ne, ba a raina shi. Maganinsa shi ne a share hanyoyi da wurin tsayuwar masu jana'iza, a kwashe tarin shara da ke tara ɓeraye, ba sai an ƙone filin duka ba.

Farawa 2:15 ya nuna cewa aikin farko da Allah ya ba Adamu shi ne noman gonar Aidan da kiyaye ta. Dattawan ikkilisiya za su iya zartar da cewa ba a sare itace a harabar majami'a sai da yardar majalisa. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa za su iya shingace makabarta domin tsare ta daga dabbobi. Iyalin da suka yi rashi za su iya dasa itace a gefen filin, nesa da kaburbura, su shayar da shi har ya kama. Malaman makarantar Lahadi kuma su fita da yara su koya musu sunayen tsuntsaye da itatuwan da ke wurin.

Ubangiji ya ba jama'arsa aminci cikin riƙon wannan amana, har ranar da ƙaho zai yi ƙara, abin da aka shuka a gonarsa ya tashi. Amin.