Kiɗan Na'ura: A Kan Me Hukunci Yake Hawa?

Malaman fiƙihu na dā sun tattauna hukuncin kiɗa a zamanin da sauti ba ya rabuwa da abin da ke fitar da shi. Ganga itace ce da fata, garaya ƙwarya ce da tsirkiya, kuma ba a jin amonsu sai makaɗi yana wurin. Fasahar zamani ta raba waɗannan abubuwa uku: sauti, da kayan kiɗa, da hannun mai kaɗawa. Daga nan wata sabuwar tambaya ta taso a kan tsohuwar muhawara.

Sauyin ya zo daki-daki. A 1983 aka fito da tsarin MIDI, wanda ya sa kayan kiɗa na lantarki suke iya karɓar umarni daga kwamfuta. A 1997 kamfanin Antares ya fitar da Auto-Tune, manhajar da ke daidaita muryar mawaƙi idan ta kauce. A ƙarshen shekarun 1990 kuma manhajar haɗa kiɗa ta FruityLoops ta bayyana, wadda daga baya ta koma FL Studio. Da manhajar GarageBand ta hau iPad a 2011, sai ɗakin haɗa kiɗa ya koma kwamfutar hannu da ake shafawa da yatsa. Mai haɗa kiɗa yana kallon layukan ƙananan akwatuna a fuskar na'urar. Ya taɓa wannan, ganga ta buga, ya taɓa wancan, sarewa ta shigo, na'urar kuma ta yi ta maimaitawa ba gajiya.

Ƙasar Hausa ta ga wannan sauyi da idonta. Mamman Shata ya yi waƙa da kalangu, Narambaɗa da kotso, Ɗan Maraya Jos da kuntigi. Makaɗin kalangu yana matse tsirkiyoyin da ke hammatarsa ya sassauta, amon ya hau ya sauka yana bin karin harshen Hausa, har mai sauraro ya gane abin da gangar ke faɗa. Irin wannan ƙwarewa galibi gado ce, ana koyon ta shekara da shekaru. Da fiyano irin ta Yamaha ta shiga situdiyoyin Kano a shekarun 1990 tare da bunƙasar finafinan Hausa, mutum ɗaya ya maye gurbin tawagar makaɗa, kuma sana'ar ta buɗe ga wanda bai gaje ta ba.

Saɓanin malamai kan kiɗa ya daɗe. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa, suna kafa hujja da hadisin ma'azif (kayan kiɗa) da ke cikin Sahihul Bukhari, amma sun keɓe duffi, musamman a bikin aure. Ibnu Hazm, wanda ya rasu a 1064, ya soki ingancin hadisan hanin, ya halatta kiɗa, ko da yake Ibnus Salah da wasu sun mayar masa da martani. Imamul Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ɗauki wata hanya a cikin Ihya'u Ulumiddin: a wurinsa daɗin sauti ba shi ne laifi ba, tun da ba a hana sauraron kukan tsuntsaye ba. Kayan tsirkiya da na busa an hana su ne saboda sun zama alamar zaman mashaya.

Idan aka ɗora kiɗan na'ura a kan waɗannan ra'ayoyi, amsa ta dogara ga abin da aka ɗauka shi ne dalilin hukuncin, domin ƙa'idar usulu ta ce hukunci yana tafiya ne tare da dalilinsa. Wanda ya ce hanin yana kan kayan kiɗan kansu zai iske ba ganga ba goge a cikin manhaja, sai lissafi. Wanda ya ce yana kan sautin da tasirinsa a zuciya ba zai ga bambanci ba, domin kunne ba ya tantance fata da lantarki. Wanda kuma ya bi Gazali zai tambayi wurin da ake kunna kiɗan, da kalmomin da ke kansa, da abin da yake ja wa mai sauraro.

Waƙoƙin addini da ake cewa murya ce zalla sun fi fito da matsalar fili. Ana naɗar muryar mutum, a sarrafa ta har ta yi amon ganga ko fiyano. Wasu malamai na wannan zamani sun halatta, suna duban asalin sautin. Wasu sun hana, suna duban abin da ya isa kunne. Haka lamarin yake ga masu bege a Kano da sauran garuruwa: mandirin da 'yan Ƙadiriyya suka saba da shi a zikiri yana da gurbi a littattafan fiƙihu, amma da sha'irai suka koma fiyano sai gardamar ta sake sabon salo.

Bayan halas da haram akwai batun gaskiya da haƙƙi. Muryar da Auto-Tune ya gyara, ta wa ce? Idan kowa ya san ana gyarawa, ado ne. Idan an ɓoye don a ci kasuwa da baiwar da babu, ya kusanci algus. Haka ɗaukar amon kalangun wani a saka cikin sabuwar waƙa ba da izininsa ba: na'ura ta sauƙaƙa ɗaukar, amma ba ta sauke haƙƙin mai shi ba.

Ke nan fasaha ba ta warware saɓanin ba, ba ta kuma ba wani ɓangare nasara ba. Abin da ta yi shi ne tilasta wa kowane mai ra'ayi ya fayyace dalilinsa, domin ambaton sunan kayan kiɗa kaɗai ya daina isa a matsayin amsa.