Amanar Wanda Ba Ya Iya Kai Ƙara



Da wuya ki shiga gida a ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi ki rasa kaji, ko akuya a turke, ko kyanwar da yara suka shaƙu da ita. Galibi kuma mu mata ne masu kula da su. To ranar da ɗaya ta kwanta ciwo, wa za ki kira?

Likitan dabbobi na gaskiya sai ya yi shekaru yana karatu a jami'a, kamar ta Ahmadu Bello da ke Zariya ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, sannan hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa ta yi masa rajista. Irinsu kuwa ba su cika zama ƙauye ba. Wanda ya fi kusa da mu shi ne mai jakar magani a bayan babur. A cikinsu akwai masu tsoron Allah da suka koyi aikin, akwai kuma wanda allura ɗaya yake yi wa kowace cuta.

Ga inda matsalar take. Idan likitan mutane ya yi ganganci, majinyaci zai buɗe baki ya koka. Dabba fa? Ba ta iya cewa maganin ya lalace, ko an ba ta rabin abin da ya kamata. In ta mutu sai a ce kwana ya ƙare, shi ke nan. Ashe wannan sana'a gaba ɗayanta amana ce, tunda wanda ake cuta a cikinta ba shi da bakin kai ƙara.

Amma ki tuna, tana da Mai bi mata haƙƙi. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Ki lura, a hadisin nan mai riƙon dabbar aka kama. Saboda haka miƙa ta ga duk wanda ya zo da sirinji bai sauke miki nauyi ba.

Yaya za ki gane mai amana? Yakan duba dabbar ya yi tambayoyi kafin ya ɗauko magani. Rigakafin fakat na kaji, irin wanda cibiyar Vom ta kusa da Jos ke yi (an kafa ta tun 1924), yakan zo da shi cikin sanyi, don zafin rana na kashe shi. In ya yi wa akuya allura, zai faɗa miki kwanakin da za a jira kafin a sha nononta ko a ci namanta. Ba zai taɓa ba kyanwa farasitamol ba, domin guba ne gare ta. Babbar alamarsa kuwa, yana iya cewa "wannan ya fi ƙarfina, a kai ta ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma," ko da ya rasa kuɗin ranar.

Sai dai mu ma da namu laifin. Mai faɗin gaskiyar nan shi muke cewa bai iya aiki ba, mu koma wa mai araha da daɗin baki. Wata kuma da ta ga akuya ta ƙi tashi sai ta aika da ita kasuwa, magani bai bar jikinta ba, 'ya'yan wasu su ci. Wadda ta yi haka, da wane baki za ta zargi mai babur?

Mu riƙa tambayar juna a makarantun Islamiyya da tarukan ƙungiya wanda aka jarraba aka ga gaskiyarsa, mu riƙe shi, mu biya shi haƙƙinsa ba ƙorafi.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar bayinSa, masu magana da marasa magana, amin.