Ɗana, Kada Ka Tsaya Ga Hatimi

Ɗana, tunda lokacin fita koyon aiki ya zo, zauna ka ji.

Shirin nan na SIWES, hukumar ITF da ke Jos ce ta kafa shi a 1973, bayan masu masana'antu sun yi ta kukan ana yaye ɗaliban da suka haddace littafi amma hannunsu bai san aiki ba. Shi ya sa ɗalibin injiniya, kimiyya ko noma yake yin wata shida a wurin aiki in jami'a yake, wata huɗu in kwalejin fasaha ce, a lissafa masa maki kamar kowane kwas. Wanda bai yi ba, ba a yaye shi.

Na san abin da ke damunka. Wurare da yawa ko sisi ba sa bayarwa. Alawus ɗin gwamnati, naira 2,500 a wata, sai an gama da daɗewa yake zuwa, kuma bai isa kuɗin mota ba. Kamfanin da zai mori gumin yaro wata shida ya hana shi na abinci bai kyauta ba, ko a gaban wa zan faɗa.

Amma kada wannan ya kai ka ga abin da wasu ke yi. A nemi kawu a wata ma'aikata ya buga hatimi a logbuk, yaro na gida yana barci. Ana gobe malamin duba aiki zai zo, a kwana ana cike shafukan mako ashirin da huɗu da biro ɗaya, ana kwafar na aboki. Makin zai fito. Ranar da aka miƙa maka mita aka ce gwada layin nan, kawu ba ya wurin.

Tunda ba a biyanka, abin da hannunka ya koya shi ne ladanka, to ka karɓe shi cif. Nemi wuri kusa da gida. Ƙaramin gareji da za a bar ka ka kwance inji ya fi babban ofishin da za a mayar da kai ɗan aiken sayo abinci. In an aike ka, je, ka dawo ka ce, "Oga, don Allah nuna mini yadda ake wannan." Kowace yamma rubuta abin da ka yi da gaske, ko layi biyu ne.

'Yata, ke ma da ke nake. Ku ɗauki takardarku ta makaranta ku fara nema tun yanzu, kafin wuraren kirki su cika. Allah ya yi muku albarka.