Dokar da ba a gani

Ɗan'uwa mai karatu, ka san dara: gurbi 30 cikin rairayi, kowa da ƴaƴa 12. Wanda ya yi zamba, idon ƴan kallo na kanshi.

Bana a ajinmu na yaƙi da jahilci, nan Madarunfa, mun fara koyon ƙera wasa cikin kwamfuta da Scratch, wadda anka fitar a Amurka a 2007. Umarni ake jerawa kamar tubali. Munka ƙera wasan kamun kifi a tabki, na mutum biyu.

Wani masunci, ya girme ni, ya ce: "Malam, gwada mini yadda kifina ɗaya zai zama biyu, abokina bai sani ba. Ai wasa ne."

Kai da mi za ka yi? Lamba guda ce za a sake. In na ƙiya, na hana mishi ilimin da ya baro tarunshi dominshi. In na yarda, na koya mishi cin amana inda babu ɗan kallo, don mai wasa ba ya ganin dokar, maƙerin kaɗai ya san ta.

Na gwada mishi, amma gaban aji duka. Har yau abokin ba ya zama su yi wasa sai ya buɗe tubalan ya duba.